Inda ɗalibai suke tuntuɓe a darasin taron jama'a da fafutuka

Kuskuren da ya fi yawa a takardun ɗaliban ilimin zamantakewa shi ne ɗaukar taron jama'a a matsayin mahaukaci. Sai ka ga an rubuta cewa da zarar mutum ya shiga cincirindo hankalinsa ya gushe, fushi kuma ya bazu kamar wutar daji. Wannan ra'in Bafaranshe Gustave Le Bon ne na 1895, mutumin da ya ga tarzomar Faris ta 1871 da idonsa, tsoron talakawa bai sake shi ba. Kawo shi ba laifi ba ne. Laifin shi ne a tsaya a kansa kamar ba a ƙara bincike ba bayansa. A 1957 Ralph Turner da Lewis Killian suka nuna cewa taro yakan ƙirƙiro ƙa'idarsa a nan take, mutane na duban juna suna tantance abin da ya dace. Ko a gobarar da ta ci rayuka 165 a wani gidan rawa a jihar Kentucky a 1977, bincike ya gano yawancin mutane taimakon juna suka yi ta yi. Don haka kafin ka rubuta "taro ya haukace", bincika wa ya zo da wa, kuma mutum nawa ne suka yi jifa, nawa suka tsaya kallo.

Akwai kuma masu cakuɗa jita-jita, yayi da tarzoma da fafutuka. Ukun farkon sukan taso su lafa cikin kwanaki. Fafutuka tana da manufa, da shugabanci, da juriya ta watanni ko shekaru.

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne zaton cewa wahala kaɗai ke tayar da mutane. Da haka ne, ai da kullum duniya cikin bore take, domin ba ta taɓa rabuwa da masu kuka ba. Tun 1856 Alexis de Tocqueville ya lura cewa juyin juya halin Faransa ya zo ne lokacin da al'amura suka fara sauƙi, buri ya ƙaru. A 1977 John McCarthy da Mayer Zald suka mayar da hankali kan kayan aiki: kuɗi, wurin taro, ƙwararru, hanyar isar da saƙo. Dubi ƙaurace wa motocin haya a Montgomery ta Amurka. Ana ba da labarin kamar wata mata baƙar fata ce, Rosa Parks, ta gaji ta ƙi tashi daga kujera ta bar wa farar fata ranar 1 ga Disamba 1955. Alhali Rosa Parks sakatariyar reshen NAACP ce, ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata, kuma a watan Maris na wannan shekarar an kama wata yarinya, Claudette Colvin, kan laifi iri ɗaya ba tare da garin ya tashi ba. A karo na biyu, da aka kama Parks, wata ƙungiyar mata ta kwana buga takardun kira, coci-coci suka buɗe ƙofa, aka tsara motocin kai mutane aiki, har aka yi kwana 381. Haka a Tunisiya: wani ɗan tireda, Mohamed Bouazizi, ya cinna wa kansa wuta ranar 17 ga Disamba 2010, amma rassan ƙungiyar ƙwadago ta UGTT da lauyoyi sun taka rawa sosai wajen kai boren birane kafin Shugaba Ben Ali ya gudu ranar 14 ga Janairu 2011. In za ka yi bayanin wata fafutuka, kawo koken, sannan ka nuna wanda ya tsara, da abin da ke hannunsa, da ƙofar da siyasar lokacin ta buɗe masa.

Matakai huɗu da ake haddacewa, wato ɓullowa, haɗuwa, zama hukuma da dusashewa, ma'auni ne na nazari. Fafutuka da yawa a matakin farko suke mutuwa, wasu su kwanta shekaru su farfaɗo. Kar ka tilasta wa misalinka bin jerin.

Sai masu ɗaukar sauya doka a matsayin sauya al'umma. William Ogburn ya yi bayani a 1922 cewa sassan al'ada ba sa tafiya da sauri ɗaya, wani sashe kan bar wani a baya. Kotun ƙolin Amurka ta haramta wariyar launin fata a makarantun gwamnati a 1954, amma a 1957 sai da Shugaba Eisenhower ya tura sojoji birnin Little Rock kafin ɗalibai baƙar fata tara su iya shiga aji.