Yadda ake loda adiresoshin masu karɓar imel a Postfix

Idan Postfix ɗinka, manhajar isar da imel, yana gaban Exchange, sabar imel ta Microsoft, yana tace saƙonni, dole ya san adiresoshin da ake da su a Exchange ɗin. In ba haka ba, zai karɓi saƙon da aka aiko wa adireshin bogi, daga baya ya mayar da shi ga wanda aka yi ƙaryar shi ya aiko, wanda bai ji ba bai gani ba.

Fitar da adiresoshin daga Active Directory, rumbun sunayen masu amfani da Exchange ke dogaro da shi, har da na laƙabi da na rukuni. Zuba su a /etc/postfix/relay_recipients, kowane layi adireshi ɗaya, sai tazara, sai OK. A main.cf, fayil ɗin saitunan Postfix, rubuta relay_recipient_maps = hash:/etc/postfix/relay_recipients, ka yi postmap a kan fayil ɗin adiresoshin don ya samar da kwafinsa mai .db, sannan postfix reload.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne mantawa da postmap bayan gyara. Postfix fayil mai .db yake karantawa, ba wanda ka gyara ba, don haka sabon ma'aikaci zai ga ana mayar da saƙonnin da aka aiko masa da lambar kuskure 550. In daga Excel jerin ya fito, share waƙafi da alamomin zance tukuna. Gwada adireshi guda da postmap -q. In ya yi shiru, bai shiga ba.