A riƙa cin lemu tare da abinci, musamman ranar wake

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tunda sanyi ya shigo, lemun Binuwai ya cika kasuwa kuma ya yi araha, bari in ba da wata shawara.

Yawancinmu idan mai lemu ya fere mana, sai mu tsotse ruwan mu jefar da sauran. To wannan totuwar da muke yarwa ita ce ke taimaka wa hanji, tana hana bushewar ciki. A ɓare shi a cinye duka. Lemun zaƙi ɗaya madaidaici yana ɗauke da bitamin C kusan miligiram 70, kusan abin da babban mutum ke buƙata a yini.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙarancin jini, musamman ga masu ciki da yara. Sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke buƙata don yin jini, yana cikin wake, zogale da alayyafo, amma ba ya shiga jiki da sauƙi, bitamin C ne ke taimaka masa. Saboda haka ranar shinkafa da wake ko kwaɗon zogale, a matsa lemun tsami a kai, ko a sha lemun zaƙi nan take. Amma a bari sai an sauke tukunya, zafi yana lalata bitamin C. Shayi kuwa a jinkirta shi awa ɗaya, don yana hana ƙarfen shiga jiki.

Masu shan ruwan lemun tsami da safe, ku kurkure baki da ruwa, kada ku goge haƙora sai bayan minti 30. Mai gyambon ciki kuma ya daina in yana tayar masa da ciwo.