Yadda na gyara matsalar ajiyar hotuna bayan sabunta manhaja

Bayan an sabunta manhajar da nake ajiye fayilolina a intanet, na lura cewa hotunan da na ɗauka cikin makonni biyu ba su bayyana a kwamfutata ba, alhali manhajar tana nuna koriyar alama mai cewa an kammala ajiya. Hankalina ya tashi ƙwarai, domin akwai hotunan takardun aiki waɗanda ba ni da kwafinsu a ko'ina.

Da farko na zaci matsalar intanet ce, na kashe wayar na sake kunnawa, amma babu abin da ya canza. Sai da na shiga saitin izini sannan na gano musabbabin. Tun daga Android 14, mai waya yana iya ba manhaja damar ganin wasu zaɓaɓɓun hotuna kaɗai, kuma ashe lokacin da sabuwar sigar ta nemi izini, wannan zaɓin na danna cikin gaggawa ban karanta ba. Hotuna bakwai kacal take gani, su ta ajiye, shi ya sa ta ce ta gama.

Na mayar da izinin ya shafi duka hotuna, na cire manhajar daga takunkumin tanadin batir, sannan na bar wayar a caji kan Wi-Fi ta kwana. Da gari ya waye komai ya hau.

Na kuma rubuta wa masu manhajar cewa ya kamata alamar ta riƙa faɗin adadin hotunan da aka ba ta izinin gani.