Yadda za ki rubuta labarin wariyar launin fata har mai karatu ya ji abin a jikinsa

'Yan uwa marubuta abin nan ya daɗe yana ci min rai. Sau da yawa in an ɗauko labarin wariyar launin fata sai a fara da duka da zagi tun shafin farko, Bature mugu, baƙi na kuka, haka har ƙarshe, mai karatu ya ce Allah sarki ya ajiye waya ya ci gaba da sabgarsa. Bari in ɗauki Afirka ta Kudu zamanin mulkin wariya, 1948 zuwa 1994, in nuna miki yadda nake ganin ya kamata a bi.

Ki bari mu san mai ba da labarin tukuna kafin a taɓa ta. Mu ce 'yar aiki ce a gidan Turawa a Johannesburg, da bakinta take ba mu labarin. Mu gan ta da son shayi mai zaƙi, ga tsiwa, ga ɗanta can ƙauye wajen kakarsa wanda sai ƙarshen shekara take sa shi a ido. Kuma dan Allah kar ki mai da ita waliyyiya, ki bar ta ta yi ƙarya ta ji kishi, ta ɗebi sukarin uwar gida ta ƙulle a bakin zani. Wanda bai da aibi ko ɗaya ba a jin shi kamar ɗan uwa, in kuwa ba mu ɗauke ta tamu ba to ko yanka ta aka yi tausayin na minti biyu ne.

Sannan wariyar ki sa ta cikin ƙananan abubuwa na yau da kullum, nan ne aikin yake wallahi. Kofinta da kwanonta daban ake ajiyewa ba sa haɗuwa da na gidan alhali ita ke dafa abincin, ita ke goya yaron gidan tana share masa majina, amma ɗakinta na can bayan gida, kuma wannan yaron da ta raina in ya tasa da sunan yarinya zai riƙa kiranta ko da ta yi furfura. Benci a lambun shaƙatawa an rubuta na Turawa ne kaɗai, ƙafarta na ciwo ta wuce shi ko kallo ba ta yi ba don ta saba. To wannan sabon shi ke karya zuciya, ta faɗe shi a layi ɗaya kamar tana faɗin kuɗin tumatur, kar ki sa ta tsaya yi mana wa'azi, mai karatu ya fusata da kansa.

Ki yi bincike sosai, dokokin nan na gaske ne. Akwai littafin fas, wato takardar shaida da izinin zirga-zirga, da aka wajabta wa baƙaƙe daga shekara 16 su riƙa yawo da shi, ɗan sanda ya tare ka babu shi sai ofis. A kansa ne mata wajen 20,000 suka yi tattaki a Pretoria ranar 9 ga Agusta 1956, a kansa ne kuma 'yan sanda suka harbe mutum 69 a Sharpeville ranar 21 ga Maris 1960. Amma fa kar ki juye mana wannan kamar darasin tarihi a aji. Ta ji labarin Sharpeville a rediyon kicin tana cikin guga, uwar gida ta leƙo ta ce ƙwalar rigar nan ba ta gogu ba, ita ko hannunta sai rawa yake. Ko ranar da aka fara kwashe mutanen Sophiatown, wata unguwa a Johannesburg da baƙaƙe suka fi yawa, da ƙarfin tsiya a 1955, ki rabu da lissafin motoci, ki nuna min tsohuwar da ta rasa inda za ta cusa tukunyarta.

Baturen ma kar ki yi masa ƙaho. Uwar gidan da ke ba ta kwancen kaya tana ce mata ai ke 'yar gida ce, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa tambayar sunan ɗanta ba, ta fi mai bulala tsayawa a rai, don mai karatu zai iya hango kansa a cikinta.

Abu ɗaya da nake roƙo, in kin gama ki koma ki duba yadda kika siffanta mutanenki. A littattafanmu na onlayin kusan kullum tauraruwa fara ce sol mai dogon hanci da gashi har gadon baya, muguwar kishiya ko boka kuwa baƙi ƙirin, ga maganar nan ta fara ko mayya ce da muke yi da wasa, ga 'yan mata na ta shafe-shafen mai don su yi haske. Mu ɗin nan ne kuma 'yan uwanmu da ke aikatau a wasu ƙasashen Larabawa suke dawowa da labarin an kira su bayi saboda fatarsu. Don haka ki bi babi-babi, duk inda kika jingina baƙi da muni ko mugunta ki goge, ita kuma mai ba da labarin ki bar ta baƙarta, in za ki ce kyakkyawa ce ki faɗa kai tsaye ba sai kin sa "amma" a tsakani ba.