Idan malamar asibiti ta gasa miki magana: abin yi tun daga awo har ɗakin haihuwa

Haihuwata ta biyar ce ta koya min wannan karatun. Cikin watan Janairu ne, lokacin da sanyin Jos ke sa ruwan randa ya gagari hannu. Naƙuda ta taso min bayan sallar isha'i, maƙwabcinmu ya ɗauke mu a motarsa daga Anguwan Rogo, ni da maigida da yayata. Malamar da ke aikin dare ta karɓi katin awona, ta duba, ta ɗago kai ta ce, "Ciki na biyar? Ke ba kya gajiya ne? Ku dai ba ku da aiki sai haihuwa." A gaban mata uku ta faɗa, ɗaya ma sa'ar 'yata ce.

Na haɗiye. Amma ba maganar kaɗai na haɗiye ba. Tun la'asar kaina ke sara, idona na ganin dishi-dishi, kuma tun a mota na ƙudura zan faɗa da zarar mun isa. Tana yaɓa min wannan magana bakina ya mutu. Sai da wata ta zo ta ɗaura min abin awon jini, na ga fuskarta ta canja, ta fita da sauri ta kira likita. Jinina ya hau sosai, ina dab da jijjiga. Allah ya yi da sauran kwana, ni da yarinyar muka fito lafiya. Daga ranar na gane inda haɗarin baƙar magana yake: tana rufe bakin mai ciki, alhali da bakin nan za ta faɗi abin da zai ceci ranta. Bayan nan na raka ƙanwata da maƙwabta da dama asibiti, kuma abin da zan faɗa miki a nan shi ne abin da na ga yana aiki.

Da farko ki san cewa ba ke kaɗai ba ce, kuma ba ƙorafin banza kike yi ba. A 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sanarwa ta musamman kan wulaƙanci da cin zarafin mata a wajen haihuwa a asibiti. A 2019 aka wallafa wani bincike a mujallar Lancet da aka yi a Najeriya da Ghana da Gini da Myanmar, wanda ya nuna fiye da mace ɗaya cikin uku ta gamu da tsawa, zagi, duka ko wariya. Waɗanda abin ya fi faɗa wa su ne ƙananan 'yan mata da waɗanda ba su yi boko mai nisa ba, kuma ya fi tsanani daga minti 30 kafin ɗa ya faɗo zuwa minti 15 bayan ya faɗo. Wato daidai lokacin da mace ba ta da ƙarfin kare kanta. A gida Najeriya kuma, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce a yi wa marar lafiya bayanin halin da yake ciki, iyakar iyawa da harshen da yake ji, ta kuma haramta a ƙi duba wanda ya zo cikin halin gaggawa. A 2018 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin marasa lafiya, cikinsu har da haƙƙin a mutunta ki da haƙƙin kai ƙara. Mutunci a ɗakin haihuwa haƙƙinki ne, ba alfarma ake miki ba.

Shiri yana farawa tun daga awo. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8 kafin ta haihu, to ki mayar da zuwan nan lokacin nazarin wurin. Kina zaune a benci kina jiran a kira lambarki, ki saurari yadda ake yi wa na gabanki magana. Ki lura da wacce ke amsa tambaya ba tare da tsaki ba, ki riƙe sunanta, ki riƙa gaishe ta da shi. In da hali, ki haihu inda kika yi awo. Fuskar da aka sani ba a cika yi mata abin da ake yi wa baƙuwa ba. Ki rubuta tambayoyinki a takarda tun daga gida, don in an daka miki tsawa sai su bi iska. Kuma duk lokacin da aka auna jininki ki ce, "Sista, nawa ya nuna?" Daga 140 bisa 90 zuwa sama abin lura ne ga mai ciki. Idan da Turanci ake miki bayani kuma ba ki gane ba, kada ki gyaɗa kai don kunya. Ki ce, "Don Allah a faɗa min da Hausa." A Jos da wuya ki samu ɗakin awo da babu mai jin Hausa a ciki.

Sai batun mai rakiya, wanda a ganina shi ne rabin maganin. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bar mace ta shiga naƙuda da wanda ta zaɓa. Ɗakunan haihuwarmu da yawa labule kawai ya raba gado da gado, don haka ba a barin namiji ya shiga, wani wurin ma ko mace ba a bari. Ki tambaya tun ranar awo. In an ce ba a shiga, mai rakiyarki ta zauna a bakin ƙofa inda za a gan ta, kada ta tafi can gindin bishiya hira. Wajen zaɓe kuwa, ki guji mai saurin hasala, don faɗa da malamai tsakar dare kanki zai ƙare. Ki guji kuma wadda nauyinki take ji ko kike jin nauyinta, irin surukar da ba za ki iya cewa jini na zuba a gabanta ba. Ki nemi mai sanyin murya da taurin zuciya, wadda za ta maimaita tambaya sau uku ba tare da ta ɗaga harshe ba. Ki sanar da ita komai tun a gida: haihuwa nawa, ɓari nawa, ko an taɓa yi miki aiki, ko an taɓa ƙara miki jini, wane magani kike sha.

To ga shi an gasa miki maganar. Me za ki yi a wannan minti?

Ki yi wa maganar yadda kike yi wa shinkafa 'yar Hausa: tsince tsakuwar ki yar, ki ajiye ƙwayar. Sau da yawa a cikin baƙar maganar akwai wani bayani da aka kasa faɗa da kyau. Wadda ta ce min ba na gajiya da haihuwa, abin da ya kamata ta ce shi ne mai haihuwa ta biyar zuwa sama ta fi shiga haɗarin zubar jini bayan haihuwa, saboda haka za su sa min ido. Wadda ta daka miki tsawa ta ce, "Wa ya ce ki yi nishi?" tana nufin bakin mahaifa bai gama buɗewa ba. Sai ya kai santimita 10 ake yunƙuri. Kika matsa kafin nan yana iya kumbura ko ya yage. Wadda ta ce, "Sai yanzu kika ga damar zuwa?" so take ta san tun yaushe ciwon ya fara, da ƙarfe nawa faya ta fashe. Ki amsa ƙwayar kawai: "Tun ƙarfe huɗu na yamma, ruwan ya fashe bayan magariba, kalarsa fari ne." Da kin ba da amsa irin wannan, yawanci za ki ga murya ta sauka, don kin mayar da ita kan aikinta.

Akwai kuma maganar da babu ƙwaya ko ɗaya a cikinta. "Lokacin da kike jin daɗinki mu muka aike ki?" An faɗa wa ƙanwata wannan a haihuwarta ta fari, tana da shekara 19, tana riƙe da ƙarfen gado tana salati. Na matsa kusa na ce, "Sista, ki yi haƙuri, haihuwar fari ce, tsoro take ji. Ki gaya mata abin da za ta yi, za ta yi." Ta kalle ni, ta yi shiru, sannan ta ce wa yarinyar ta kwanta ta gefen hagu ta riƙa jan numfashi a hankali. Ban zage ta ba, ban kuma bar maganar ta wuce kamar ba a ji ba. In ke kaɗai ce, jimla ɗaya ta isa: "Malama, maganar nan ta yi min zafi. Ki faɗa min abin da zan yi." Kada ki tsaya musu, ƙarfinki na da wurin zuwa.

Abin da nake roƙonki da babbar murya shi ne kada ki yi irin shirun da na yi. Mu an tashe mu kan dauriya da kunya, ana yabon wadda ta haihu ba a ji ko tarinta ba. Wannan dauriyar ba ta shafi alamun haɗari ba. Zubar jini, ciwon kai mai tsanani, ganin dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, zazzaɓi, ruwa mai wari ko mai launin kore, ɗa ya rage motsi ko ya daina: ko an zage ki minti ɗaya da ya wuce, ki buɗe baki ki faɗa. In ba a kula ba ki sake faɗa, mai rakiyarki ta je ta ce, "Ina son ganin babbar sista mai kula da ɗakin nan," ko likitan da ke bakin aiki. Kuma kada fushi ya sa ki ɗauki jakarki ki koma gida da naƙuda. Na san wadda ta yi haka a unguwarmu, ta kwana biyu tana fama a ɗaki, aka dawo da ita asibiti a kwance.

Wasu abubuwan sun wuce magana. Mari, duka a cinya, hawa kan ciki ana dannawa don ɗa ya fito, yin ƙari (wato yanka gaban mace don faɗaɗa wa ɗa hanya) ba tare da an sanar da ke ba, ɗinki ba allurar kashe zafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda da danna ciki ba, ba ta kuma yarda a riƙa yi wa kowace mace ƙari a matsayin al'ada ba, sai in akwai dalili. Kina da damar tambaya, "Me za a yi min, kuma don me?" Haka in an ce sai an yi aiki: a yi miki bayani ke kanki, ba maigida kaɗai ba a can waje.

Maganar da ta fi daɗewa a zuciya ita ce wadda ake faɗa wa wadda ta yi ɓari ko ɗanta ya zo ba rai. "Ai kina da wasu." "Ke kika jawo, da kin zo da wuri." Na zauna da wata maƙwabciyata da aka faɗa wa ta biyun, shekara ta zagayo tana maimaita ta tana kuka. Ɓarin watannin farko yawancinsa daga yadda halittar ta haɗu ne tun asali, ba daga tulun da kika ɗauka ko dakan da kika yi ba. In hakan ta same ki, ki nemi zama da likita bayan kin ɗan samu kanki, ki ce ya gaya miki abin da ya faru a tsanake da abin da za a kiyaye a ciki na gaba. Ki nemi a sauya miki gado in an kwantar da ke tsakanin masu jego da jarirai na kuka. Mai rakiya ce ya kamata ta nemi wannan tun kafin ki buɗe baki.

Na san malaman nan suna cikin matsi. Na ga dare da mutum biyu ke riƙe da ɗaki cike da masu naƙuda, ga wuta ta ɗauke, ana haska fitilar waya. Cikinsu akwai waɗanda har gobe ina yi musu addu'a, irin wadda ta ɗaura min abin awon jinin nan. Gajiya dai ba ta halatta cin mutunci, kuma shirunmu ne ke sa mai yi ta ɗauka ba laifi ba ne.

Don haka bayan kin sauka lafiya, ki kai ƙara. Tun kina kan gado mai rakiyarki ta rubuta rana, lokaci, ɗakin, sunan malamar in yana jikin rigarta ko kamanninta, da ainihin kalmomin da ta faɗa, ba ƙari ba ragi. Ki fara da babbar sista ta ɗakin. In asibitin gwamnatin tarayya ne, ki nemi ofishin SERVICOM, wanda aka kafa tun 2004 don karɓar koken jama'a. Ki rubuta takarda kwafi biyu, a sa hannu da kwanan wata a kan ɗaya ki tafi da ita gida. In abin ya kai ga duka ko rauni, akwai hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa, akwai kuma ta likitoci, duk a Abuja. Ta likitocin tana buƙatar ki haɗa kokenki da takardar rantsuwa. Ni ban kai ƙara a haihuwata ta biyar ba, kuma har yau yana damuna. A ta ƙanwata mun rubuta, babbar sistar ta karanta a gabanmu, ta ba yarinyar haƙuri da bakinta.

In zuciyarki ta ƙi wurin gaba ɗaya, sauya asibiti ba laifi ba ne. Ki tafi da katin awonki da hotunan ciki da sakamakon gwaje-gwaje, ki tabbata an yi wa jariri rigakafin farko na tarin fuka da shan inna da ciwon hanta, ki kuma je a duba ki a sati na shida, wanda ya zo daidai da fitar arba'in. Ranar ki sa a sake auna jininki, ki tambayi lambar.