Kafin ka biya kuɗin haya a Legas

Salamu alaikum 'yan uwa. Shawara ce ga sababbin zuwa daga Arewa: kada ka biya kuɗin ɗaki sai ka gwada hanyar zuwa wurin sana'arka da safiyar Litinin. Ni araha ta ruɗe ni na kama ɗaki a Ikorodu, shagona kuwa yana Idumota. Kafin kiran assalatu nake fita, in dawo yara sun yi barci. Abin da na rage a haya, kuɗin mota ya cinye shi tas.

Ka kuma leƙa unguwar bayan an tafka ruwa, musamman a Yuni ko Yuli. In rani ne, duba gindin bango, ambaliya takan bar zane baƙi-baƙi. Na ɗakina ya kusa kai gwiwa, amma ban lura ba sai ranar da na tarar da katifa ta jiƙe sharkaf, takalma suna yawo a kan ruwa.

Batun wuta kada ka tambayi dillali, cewa zai yi ba a ɗaukewa. Tambayi mai cajin waya a bakin layi. Ka ji ko mitar ta kati ce, kuma ku nawa ne a kanta. Kuɗin dillali da na yarjejeniya daban suke da hayar shekara, a ba ka rasit na kowanne.

Mai iyali, a ganina Agege ta fi daɗin zama: masallaci, Islamiyya da mai tuwo duk suna kusa. Tun 2024 kuma jirgin ƙasa na Red Line yana tsayawa a can, ya sauke ka Oyingbo.