Kurakuran da aka fi yi wajen komawa ga manhajojin kyauta, da yadda ake gyara su

Da yawa daga cikin waɗanda suka gwada manhajojin kyauta irin su LibreOffice ta aikin ofis ko GIMP ta gyaran hoto ko Inkscape ta zane, sannan suka koma wa manhajar kuɗi ta sata, ba wajen yin aikin suka sha wahala ba. Rubutu ya rubutu, hoto ya gyaru, zane ya fito. Cikas yana zuwa ne ranar da fayil ya bar kwamfutarsu ya tafi hannun malamin da ke duba kundin digiri, ko akawun ofis, ko mai maɗaba'a, can a buɗe a tarar shafuka sun goce ko launi ya dusashe. Kusan kowace irin wannan matsala tana da sanannen dalili, kuma gyaranta bai wuce na 'yan mintoci ba.

Kuskuren ranar farko shi ne wurin saukewa. Mutum ya rubuta sunan manhaja a Google, ya danna abin da ya fara fitowa, alhali na saman sau da yawa talla ce. A 2022 an kama wata talla irin wannan da ke kai mutane shafin bogi mai kama da na GIMP, ana ba su manhajar satar kalmomin sirri. Ka rubuta adireshin da hannunka: libreoffice.org, gimp.org, inkscape.org, kdenlive.org, audacityteam.org. Duk shafin da ya nemi kuɗi ko lambar katinka kafin ka sauke ɗaya daga cikin waɗannan, rufe shi. Kada kuma ka ɗauki OpenOffice a madadin LibreOffice don ka fi sanin sunan. Tun 2010 suka rabu, kuma LibreOffice ce ake ta sabuntawa, ita ta fi iya buɗe fayilolin Word na yanzu. Sannan ba duk ta kyauta ce buɗaɗɗiya ba. WPS Office da DaVinci Resolve ana samun su kyauta, amma kamfani ne ke riƙe da asalin rubutun da aka gina su da shi, shi ke yanke abin da zai bari kyauta gobe. Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa lasisinta ya ba ka damar yin sana'a da ita a kwamfuta nawa ka ga dama, kuma zanen da ka yi naka ne, ka sayar abinka.

Takardar da ta goce

Wannan shi ne ƙorafin da ya fi kowanne yawa, kuma abubuwa uku ke jawo shi. Na farko salon haruffa. Writer, manhajar rubutu ta LibreOffice, tana farawa da Liberation Serif, wanda yawanci babu shi a kwamfutar mai Word, sai Word ta musanya shi da wani mai faɗi daban, layuka su motsa. In a Windows kake, shiga Tools, Options, LibreOffice Writer, Basic Fonts, ka mayar da shi Times New Roman ko duk wanda makarantarka ko ofishinka ke nema. In a Linux kake, wato tsarin kyauta da ke maye gurbin Windows, inda babu haruffan Microsoft, akwai tagwayensu masu faɗi ɗaya: Liberation Serif a madadin Times New Roman, Liberation Sans a madadin Arial, Carlito a madadin Calibri, Caladea a madadin Cambria. Muddin suna cikin kwamfutar, takardar Word za ta buɗe layi bai tsallake ba.

Na biyu girman takarda. In an saka manhajar da tsarin Ingilishin Amurka, sabuwar takarda takan zo a Letter, mai tsawon santimita 27.9, alhali firinta a nan A4 take ci, mai 21 da 29.7. Duba Format, Page Style tun kafin ka rubuta layin farko.

Na uku laifin hannu ne, kuma shi ya fi ɓarna: tura babi zuwa sabon shafi ta hanyar danna Enter sau goma sha, ko kai kanun magana tsakiya da maɓallin tazara. Takardar da aka gina haka ko tsakanin Word biyu ba ta tsira. Ctrl da Enter ke buɗe sabon shafi na gaskiya. Kanun babi kuma a ba shi Heading 1, ƙaramin kanu Heading 2, daga nan jerin abubuwan ciki zai haɗa kansa da lambobin shafi daidai. Ɗalibin da ya koyi wannan kaɗai ya huta da rabin wahalar kundinsa.

Sai batun irin fayil. Writer tana adanawa a ODT sai in an ce mata wani abu. In wanda za ka aika wa karantawa kawai zai yi ko bugawa, PDF za ka ba shi, daga File, Export as PDF, domin yana tafiya da haruffansa. In kuwa zai yi gyara a Word, to ku tsaya a DOCX, irin fayil ɗin Word, tun daga farko har ƙarshe. Juya fayil daga ODT zuwa DOCX, a dawo da shi, a sake juyawa, shi ke lalata tebura da lambobin shafi sannu a hankali. Ana mayar da DOCX na dindindin a Tools, Options, Load/Save, General. A nan ɗin ne kuma ake rage tazarar ajiyar gaggawa daga minti 10 zuwa 3, abin da mai kwamfutar tebur marar batir zai gode wa ranar da aka ɗauke wuta.

Masu rubuta Hausa suna da ƙarin nasu. In ka ga ƙ ko ɗ ko ɓ ta fito da siffa daban da sauran haruffan kalma, ko ta zama ɗan akwati, salon da ka zaɓa ne ba shi da ita. Charis SIL, Andika, Noto Sans da DejaVu Sans duk suna da haruffa masu lanƙwasa, kuma kyauta ne. Wajen bugawa, Windows tana da allon rubutun Hausa a cikin saitin harsuna, akwai kuma manhajar allon rubutu ta Keyman. In harafi ɗaya kake so cikin sauri a Writer, rubuta U+0199 ka danna Alt da X, ƙ za ta fito. U+0257 na ɗ ne, U+0253 na ɓ, U+20A6 alamar naira.

A Calc, takwarar Excel a LibreOffice, kuskuren da ke jawo asarar kuɗi shi ne sifilin farko. Ka buɗe fayil ɗin CSV, wato jerin bayanai a rubutu zalla, mai lambobin waya ko lambobin asusun banki, manhajar ta ɗauke su a matsayin adadi, sai 080 ya koma 80, lambar asusu mai 10 ta dawo 9. In ka adana a haka, sifilin ya tafi. Lokacin da tagar shigo da fayil ta buɗe, danna kan layin lambobin ka mayar da Column type zuwa Text kafin ka ce OK. Haka ma kwanan wata: a tsarin Amurka 03/04 na nufin 4 ga Maris, ba 3 ga Afrilu ba, don haka a mayar da tsarin yanki zuwa na Ingila. Waɗanda ke aiki da tsarin Faransanci, kamar a Nijar, su lura cewa a wurinsu waƙafi ke raba adadi da ɓangarensa, ba ɗigo ba. In fomular XLOOKUP ko FILTER ta ƙi aiki, LibreOffice ɗinka ce ta tsufa, sai daga 24.8 aka saka su. Macro na Excel kuwa, wato umarnin da aka tsara don ya yi aiki da kansa, wani yana tafiya wani ba ya tafiya. Ofishin da albashinsa ke kan irin wannan fayil ya gwada shi da lissafin watan jiya, a kwatanta sakamako, kafin a cire Excel daga kwamfutar akawu.

Zane da maɗaba'a

GIMP ta hoto ce, kishiyar Photoshop. Tambari da katin biki da allon talla aikin Inkscape ne, ita ce takwarar CorelDRAW, mujalla da littafi kuma na Scribus. Tambarin da aka zana a GIMP yana fashewa da zarar an faɗaɗa shi. Sabon shiga kuma yakan danna Save ya aika wa mai aiki fayil ɗin XCF da ba zai buɗu a waya ba. JPG da PNG ta File, Export As ake fitar da su, XCF naka ne na komawa gyara. Hoton da zai cika A4 yana son ɗigo 300 a kowane inci, wato kusan 2480 da 3508. Wanda aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto an riga an matse shi, ƙara masa lamba ba ya dawo da abin da ya zube. A nemi a sake turo shi a matsayin fayil.

Masu maɗaba'a da yawa Corel suka sani, kuma ba dole ka kai musu CDR, fayil ɗin Corel, ba, Corel tana buɗe PDF. Abin da ke ɓata aiki shi ne rubutun da aka bari a matsayin rubutu: in babu salonka a kwamfutarsu, wani zai hau. Ajiye kwafi, zaɓi duk rubutun, ka shiga Path, Object to Path, sannan ka fitar da PDF. Ka bar rarar milimita 3 ta kowane gefe saboda yanka.

Launi shi ne inda ya kamata a faɗi gaskiya: nan manhajojin kuɗi sun fi sauƙi. Inkscape da GIMP da launin allo suke aiki, injin bugu kuma da tawada huɗu, CMYK. Kore mai haske da shuɗi mai ƙyalli sukan dusashe a takarda, baƙin ƙananan rubutu kuma in ya rabu cikin tawada huɗu yakan fito da inuwa a gefe. Maganin shi ne a shigo da zanen cikin Scribus, a sa rubutu a baƙar tawada zalla, a fitar da PDF na maɗaba'a daga can. Ko da an yi haka, a buga gwaji ɗaya kafin a saki dubu.

Sauti da bidiyo a taƙaice. Fayil ɗin AUP3 na Audacity ba sauti ba ne, sai an bi ta Export. Bidiyon waya da murya ke tsere wa baki a Kdenlive ko Shotcut, saurin hotunansa ne ba daidaitacce ba; a wuce da shi ta HandBrake, manhajar juya bidiyo, a zaɓi Constant Framerate. Kwamfuta mai ƙaramin ƙarfi kuma a kunna mata Proxy, wato yin gyara da ƙaramin kwafin bidiyon, kafin a ce manhajar ce ke da nauyi.

Tsalle zuwa Linux

Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, masu tsofaffin kwamfutoci da yawa suna duban Linux Mint ko Ubuntu, kuma suna da hujja. Kuskuren shi ne canza komai rana ɗaya. Jandarmomin Faransa da suka yi wannan hijira sun fara da OpenOffice a 2005, Firefox a 2006, sai a 2008 suka soma taɓa Windows kanta. Kai ma fara da LibreOffice da GIMP a kan Windows ɗinka, hannu ya saba tukuna.

Ranar sakawa, kwashe fayilolinka zuwa wani rumbu na waje, ka buɗe kaɗan daga ciki ka tabbatar sun kwafu, domin zaɓin Erase disk yana shafe komai. Filashi mai giga 8 ya isa. Tayar da kwamfutar daga filashin ba tare da ka saka komai ba, ka gwada Wi-Fi, sauti, kyamara, musamman firinta da sikana, su ne suka fi ba da wahala. Kwamfuta mai ƙwaƙwalwa giga 4 ta fi sakewa da Mint na Xfce, samfurinsa marar nauyi. In za ka bar Windows a gefe, ka adana makullin BitLocker, abin da Windows ke kulle rumbu da shi, a wani wuri, ka kuma kashe saitin Fast Startup na Windows, in ba haka ba Linux za ta iya ƙin rubutu a ɓangaren Windows. Bayan haka za ka ga agogon Windows ya koma baya da awa ɗaya duk lokacin da ka fito daga Linux, saboda Linux tana ajiye lokacin duniya, wato GMT, a agogon na'ura, Najeriya da Nijar kuma suna gabansa da awa guda. Buɗe Terminal, tagar rubuta umarni a Linux, ka rubuta timedatectl set-local-rtc 1, ka gyara agogon Windows sau ɗaya, ba zai sake gocewa ba.